Yadda iyaye za su bi ci gaban yaro daga shekara ɗaya zuwa uku

A gidajen Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, yaron da ya cika shekara yana da masu sa masa ido da yawa. Kaka tana ganin ya yi nauyin ƙafa, goggo tana cewa ubansa ma sai da ya kusa yaye kafin ya taka, maƙwabciya kuma tana kawo labarin nata ɗan da ya fara tafiya yana wata goma. Duk cikin ƙauna suke magana, amma uwa tana buƙatar ma'aunin da ya fi kwatanta ɗanta da ɗan wata matar, domin kwatancen yakan jawo fargaba a inda babu matsala, ya kuma jawo sakaci a inda ake buƙatar likita. Ga hanyar da za ta bi.

Mataki na farko shi ne ki san shekarun yaron da watanni, ki kuma riƙa rubutawa. A Saudiyya ana amfani da kalandar Hijira da ta Miladiyya, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka ki zaɓi guda ɗaya, wadda ke kan katin rigakafinsa, ki tsaya a kanta. Idan bakwaini ne, ki cire makonnin da suka rage masa a ciki daga lissafin har ya kai shekara biyu, wato wanda aka haifa saura wata biyu, idan ya cika wata goma sha huɗu, a auna shi da ɗan wata goma sha biyu. Ki samu ƙaramin littafi ki ajiye tare da katin, ki rubuta ranar da ya tsaya shi kaɗai, da ranar da ya yi tatata, da kowace sabuwar kalma, da nauyinsa duk lokacin da aka auna shi. Katin kansa a kiyaye shi sosai, saboda akwai allurai a wata goma sha biyu da wata goma sha takwas da wata ashirin da huɗu, cikinsu har da na ƙyanda da sanƙarau da ciwon hanta, kuma makaranta za ta neme shi ranar da za a sa yaron. Ga mazauna Makka da Madina, inda alhazai da masu Umara ke shigowa daga ko'ina a duniya, jinkirta rigakafi ba ƙaramin ganganci ba ne.

Daga nan sai tafiya, wadda ita ce aka fi yi wa uwa surutu a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, wato Gana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006, inda ya nuna cewa yara suna fara tafiya su kaɗai tun daga kusan wata takwas har zuwa kusan wata goma sha takwas. Ɗan wata goma sha huɗu da ke dafa kujera yana zagaya ɗaki bai makara ba. Wanda ya cika wata goma sha takwas bai taka ba, ko wanda ke jan ƙafa ɗaya, ko jikinsa ya yi saki ko tauri fiye da kima, shi ne za a kai wa likita ba tare da jiran wata mai zuwa ba. Abin da zai taimaka masa shi ne fili a ƙasa, da ƙafa babu takalmi a cikin gida, da babba a kusa. Keken nan mai tayoyi da ake zaunar da yaro a ciki ba ya gaggauta tafiya, yana dai kai shi bakin matakala da wurin tukunya da sauri, kuma haɗarinsa ne ya sa Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Idan yaro ya kai shekara biyu ana sa ran ya yi gudu, ya harbi ƙwallo, ya ci abinci da cokali ko da yana zubarwa.

Mataki na uku, wato magana, shi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin yaranmu a nan suna tashi da harshe biyu, Hausa a gida, Larabci a titi da masallaci da bakin yayyensu 'yan makaranta. Sau da yawa idan yaro ya yi jinkirin magana sai a ce harsunan ne suka rikita shi, wasu ma su ba uwa shawara ta daina yi masa Hausa. Wannan shawara ba ta da tushe, kuma tana raba yaro da kakanninsa a banza. Jin harshe biyu ba ya haddasa jinkirin magana. Abin da ake yi shi ne a haɗa kalmomin harsunan biyu a ƙirga su tare: idan yana cewa «ruwa» da Hausa, yana kiran madara da Larabci, kalma biyu ke nan, kuma gauraya harsunan a jimla ɗaya abu ne da yara irinsa ke yi kafin su rarrabe su. A wata goma sha takwas ana sa ran ya yi ƙoƙarin faɗin kalma uku ko fiye ban da mama da baba, ya kuma bi umarni mai sauƙi kamar «kawo mini». A shekara biyu ya haɗa kalma biyu, kamar «Baba tafi» ko «ƙara tuwo». A wata talatin yawancin yara suna da kalma kusan hamsin, a shekara uku kuwa suna hira ta ɗan lokaci, suna tambayar wane ne da mene ne da ina ne, kuma baƙo yana gane yawancin abin da suke faɗa.

Akwai alamomin da a ganina sun fi yawan kalmomi muhimmanci, kuma su ne aka fi yin sakaci da su. Ki lura ko yana waiwayowa idan an kira sunansa, ko yana kallon idonki, ko yana nuna miki abu da yatsa don ki gani tare da shi, kamar kyanwa ko jirgin sama, ko yana kwaikwayon ayyukanki na shara da sallah da riƙe waya. Yaron da ba ya yin waɗannan a wata goma sha takwas, ko wanda ya taɓa faɗin kalmomi sannan ya daina, yana buƙatar a fara duba jinsa, domin ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yakan toshe ji ba tare da ciwo ba. Bayan haka likita zai duba lalurar da ake kira tawahhud a asibitocin nan, wato otizim, kuma akwai takardar tambayoyi da iyaye ke amsawa lokacin da yaro ke wata goma sha takwas da kuma wata ashirin da huɗu. Na san kalmar tana da nauyi a zuciyar uwa, amma horon magana da na mu'amala ya fi amfani idan an fara shi da wuri, kuma addu'a da ruƙiyya ba su hana a je asibiti a mako guda.

Abin da ke ciyar da magana gaba shi ne a yi wa yaro magana. Ki faɗa masa abin da kike yi lokacin wanka da girki, ki kira sunayen gaɓoɓinsa, ki yi masa tatsuniya da waƙar reno, ki dakata ki ba shi damar amsawa ko da gwaranci ne. Zafin rana yana tsare yara a ɗaki mai sanyi yawancin yini, waya kuma ta zama mai reno a gidaje da yawa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara ɗaya bai kamata a zaunar da shi gaban waya ko talabijin ba, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ƙa'idar ta kuma nemi awa uku na wasan motsa jiki a warwatse cikin yini, da barcin awa 11 zuwa 14 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyu. Wannan na ƙarshe yana da wuya a garin da ake raya dare, musamman a Ramadan, amma a tsayar wa yaro lokacin kwanciyarsa ko da manya suna hira.

Na huɗu shi ne abinci. Bayan shekara ɗaya saurin girma yana raguwa, yaro yakan ƙara kilo biyu zuwa uku ne kawai a shekara, shi ya sa cin abincinsa ke raguwa har uwa ta ɗauka ciwo ne. Muddin layin nauyinsa a katin yana hawa, kada a yi masa ɗure. A ci gaba da ba shi nono har shekara biyu idan da hali, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, kamar kuma yadda likitoci ke ba da shawara, a yi yaye a hankali. Madarar shanu kada ta wuce kimanin rabin lita a yini, domin yawanta yana cika ciki ya hana cin nama da ƙwai da wake da ganye, daga nan ƙarancin jini ya biyo baya. Shayi tare da abinci ma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Abin mamaki, a ƙasar da rana ta yi yawa haka, ƙarancin bitamin D ya zama ruwan dare, saboda yara ba sa fita, kuma fata mai duhu tana buƙatar rana fiye da fara. Idan ƙafafunsa suna ƙara lanƙwashewa, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, a nemi gwaji. Dabino a cire ƙwallonsa a yayyanka, inabi a tsaga shi a tsaye, gyaɗa ɗungurungum kuwa a hana shi, saboda shaƙewa.

Na biyar ya shafi rashin lafiya, kuma a nan dole a yi maganar haƙori. Haƙoran nono guda ashirin suna gama fitowa wajen shekara uku, don haka kusan duk ciwon da ya samu yaro a wannan tsakani zai iya dacewa da fitar haƙori. Haƙori yana kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa, kuma yara da dama sun galabaita a gida saboda an ce haƙori ne. Idan gudawa ta kama shi, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na kanti wanda ake samu a kowace saidaliyya, wato shagon magani, a ci gaba da nono da abinci, a tambayi likita maganin zinc na kwana 10 zuwa 14. Idan zazzaɓi ne, a auna da ma'auni, a ba da farasitamol daidai nauyin yaron, kada a ba shi asfirin. A tafi asibiti nan take idan ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko barci ya rinjaye shi har yana wuyar tashi, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana numfashi sau 40 ko fiye a minti ɗaya yana kwance lafiya lau, ko fitsarinsa ya ɗauke. Zazzaɓi yakan jawo jijjiga ga wasu yara tsakanin wata shida da shekara biyar. A kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko yatsa ko ruwa a baki, a duba agogo, idan ta kai minti biyar a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar, wato hukumar agajin gaggawa, a lamba 997. Yaro mai sikila hukuncinsa daban ne: zazzaɓi kowane iri, ko kumburin hannu da ƙafa, ko fari fat a ido da tafin hannu, na gaggawa ne.

Mataki na ƙarshe shi ne ganin likita da shiri. Ko a markaz ne, wato cibiyar lafiya ta unguwa, ko a mustausaf, wato ƙaramin asibiti mai zaman kansa, ki tafi da katin rigakafi da littafinki, da ɗan gajeren bidiyon abin da ya dame ki, domin yaro yakan ƙi yin komai a gaban baƙo. Ki faɗi damuwarki a jimla ɗaya da watanni, misali yana wata ashirin, kalmarsa biyu, ba ya nuni da yatsa. Idan Larabcin asibiti yana yi miki nauyi, ki tafi da wanda zai fassara, kuma uban yaro ya samu lokaci ya je, saboda za a tambayi tarihin danginsa. Ma'aikatar Lafiya tana da lamba 937 da ake samun shawarar likita dare da rana. Idan likita ya ce a jira a gani, ki tambaye shi wata nawa za a jira da kuma abin da za ki lura da shi, ki karɓi ranar dawowa a rubuce kafin ki fita, idan kuma ranar ta zo babu canji ki nemi a tura ku ga likitan yara ko masanin ji da magana.