Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a lissafin zagayen da'ira

Duk sanda jarrabawar WAEC da JAMB ta matso, kurakurai iri ɗaya nake tararwa a takardun fiziks, har jan birona ya gaji.

An ce mota tana zagaya shataletale da sauri ɗaya, ba ƙari ba ragi, sai ɗalibi ya rubuta asalareshan (yawan canjin sauri ko alkibla a kowace daƙiƙa) sifili ne. Ina! Saurin bai canja ba, amma inda motar ta dosa yana canjawa a kowane lokaci, kuma wannan canjin ma asalareshan ne. Girmansa v²/r (v sauri, r radiyos, wato nisa daga tsakiya zuwa bakin da'ira), yana fuskantar tsakiyar da'ira. Ka ninka sauri sau biyu, shi ya ninku sau huɗu.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne zanen ƙarfi. A dutsen da ake juyawa da igiya, yaro ya zana nauyin dutse, ya zana jan igiya, sannan ya ƙaro kibiya ta uku wai ƙarfin jan tsakiya. Daga ina ta fito? Wa yake jan? Jan igiyar nan shi ne ƙarfin. A mota kuwa riƙon da taya ta yi wa kwalta ne. Wasu har kibiya mai tura dutse waje suke ƙarawa. Kai da ka tashi kana korar tsuntsaye da majajjawa, ka san in ka saki igiya dutsen miƙewa yake yi ta inda ya dosa a lokacin, ba wani abu da ke tunkuɗa shi daga tsakiya. Ina da ɗaliba mai ƙwaƙwalwa da ta zubar da makin tambaya guda saboda kibiyar nan. Tun daga ranar ba na duba lissafin kowa sai ya faɗa mini abin da ke ja ko tura kowace kibiya da ya zana. Wasu malamai na ganin ɓata lokaci ne; su suka sani.

Sai awo. Kilomita 72 a awa mita 20 ne a daƙiƙa. In radiyos mita 50 ne, amsar v²/r 8 ce. Wanda ya cusa 72 kai tsaye zai sami kusan 104, fiye da ninki goma na jan ƙasa, kuma ya miƙo takarda ko a jikinsa!

An ba ka dayamita (faɗin da'ira ta tsakiya), raba shi biyu tukuna ka sami radiyos. Zagaye a minti kuma, ninka da 2π ka raba da 60 ka sami ω (saurin juyawa) kafin ka saka a v = ωr. In dutsen yana ƙololuwar da'ira a tsaye, nauyi da jan igiya duk ƙasa suke kallo, haɗa su ake yi (T jan igiya, mg nauyin dutse): T + mg = mv²/r.