Yadda Ake Gwada Ruwan Sha Don Gano Ƙwayoyin Cuta Cikin Kwana Ɗaya Ko Biyu

Ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke haddasa taifot da amai da gudawa. A birnin Kano, inda ruwan famfo daga Tamburawa da Challawa ba ya kai wa kowace unguwa, gidaje da yawa sun dogara ne ga rijiya da burtsatse da jarkokin 'yan garuwa, kuma a unguwannin da gidaje suka cushe, sau da yawa tazarar da ke tsakanin rijiya da masai ba ta taka kara ta karya ba.

Ba kowace ƙwayar cuta ake bi ɗaya bayan ɗaya ba. Wadda ake nema ita ce E. coli, wadda mazauninta hanjin mutum da na dabba ne, don haka ganinta a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya samu hanyar shiga. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Da farko sai a zaɓi kayan gwaji. Mafi araha ita ce kwalbar H2S, wadda ruwan cikinta kan koma baƙi idan gurɓatacce ne, sai dai wasu ƙwayoyin da ke cikin ƙasa, waɗanda ba su da alaƙa da bayan gida, su ma suna iya baƙanta shi, kuma ba ta faɗin adadi. Colilert na kamfanin IDEXX ya fi ta inganci, amma yana buƙatar na'urar ɗumamawa da za ta tsaya a digiri 35 har awa 24, da fitila ta musamman da ake haska samfurin da ita. A ganina, ga wanda ba ya da tabbacin wutar lantarki, leda mai aljihu biyar ta kamfanin Aquagenx ta fi dacewa, domin zafin ɗaki kawai take buƙata, kuma tana ba da ƙiyasin adadi.

Ɗiban samfur shi ne inda aikin ya fi lalacewa, saboda haka a nan ya kamata a fi natsuwa. A wanke hannu da sabulu. Idan famfo ne ko burtsatse, a cire tiyon da aka maƙala, a goge bakin, a bar ruwa ya zuba na minti biyu ko uku, sannan a buɗe ledar ɗiban samfur a tara mililita 100 ba tare da yatsa ya taɓa cikinta ko bakinta ba. Ledar tana ɗauke da wani sinadari da ke kashe ƙarfin kulorin, domin kada ya ci gaba da kashe ƙwayoyin bayan an ɗiba, har a samu sakamako mai kyau na ƙarya. Idan rijiya ce, a ɗebo da gugan da aka saba amfani da shi. Ina kuma ba da shawarar a ɗauki samfur na biyu daga randa ko jarkar da iyali ke sha, da moɗar da yara ke tsomawa, domin ruwan da ya fito da tsafta daga burtsatse kan gurɓace a kan kurar ɗan garuwa ko a tsakar gida. A rubuta wuri da rana da lokaci a jikin kowace leda. Idan ba nan take za a yi gwajin ba, a ajiye samfurin cikin kula mai ƙanƙara, kuma kada ya wuce awa 6.

Daga nan sai a zuba abincin ƙwayoyin da ke zuwa tare da kayan, a jira ya narke, a juye ruwan cikin leda mai aljihu biyar. Aljihunan suna ɗaukar mililita 1, 3, 10, 30 da 56, kuma dole ruwan ya daidaita a kan layin da aka zana kafin a datse bakin da matsewarta.

Tsawon jira ya danganta da yanayi. A zafin bazara, lokacin da ɗaki kan haura digiri 35, awa 20 zuwa 24 ta isa. Tsakanin digiri 25 da 30 kuwa sai an kai awa 40 zuwa 48. Da hunturu, daren Kano kan sauko ƙasa da digiri 25, ƙwayoyin su yi sanyin girma, ruwa mai cuta ya fito kamar mai kyau, don haka a sanya ledar cikin kula tare da kwalbar ruwan ɗumi, ana duba ma'aunin zafi. Kada a shanya ta a rana.

Idan lokaci ya cika, a duba kowane aljihu a wuri mai haske. Wanda ya zauna rawaya ba a ga komai a cikinsa ba, wanda ya koma shuɗi ko kore kuwa, ko da ɗigo ne a kusurwa, akwai E. coli. Sai a gwama tsarin launukan da jadawalin da ke cikin kayan. Daga 1 zuwa 10 a mililita 100 ruwan ya riga ya saɓa wa ƙa'ida, daga 11 zuwa 100 haɗarin yana da yawa, abin da ya haura 100 kuma kada a sha shi ko kaɗan sai an tafasa ko an sanya kulorin.

Ledar da ta canza launi cike take da ƙwayoyi masu rai, don haka a sanya mata kulorin, a jira lokacin da takardar bayani ta faɗa, a zuba ruwan a masai, nesa da yara.

Wannan gwaji ba ya nuna gubar sinadarai, irin wadda ake fargaba a kusa da masana'antun Sharaɗa da Bompai. Wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. Sakamako mai kyau kuma na ranar da aka ɗibi ruwan ne kawai, shi ya sa ya dace a maimaita bayan ruwan farko na damina, da bayan ambaliya, da duk lokacin da aka yashe rijiya ko aka gyara famfon burtsatse.