Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora manhajar yanar gizo a kan sabar haya

Da zarar sabar haya, wadda aka fi sani da VPS, ta samu adireshin IP, to ta shiga idon duniya. Akwai na'urori da ke yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wadda ake shiga sabar daga nesa ta cikinta da SSH, suna gwada sunan root, wato asusun da ke da cikakken iko, da kalmomin sirri da kowa ya saba da su. Kwana ɗaya bayan kunna sabar Ubuntu, duba /var/log/auth.log, za ka ga yunƙurinsu layi bayan layi. Shi ya sa gyaran farko yake bakin ƙofar shiga.

Shiga da root da kalmar sirri

Ƙirƙiri wani mai amfani da adduser, ka sa shi cikin rukunin sudo mai ba da ikon gudanarwa, ka ɗora masa makullin SSH da ssh-copy-id. Sannan a /etc/ssh/sshd_config ka rubuta PermitRootLogin no da PasswordAuthentication no. A nan ne mutane da yawa ke tunanin sun gama alhali ba su gama ba. Wasu kamfanonin haya suna ajiye wani fayil a cikin /etc/ssh/sshd_config.d/ wanda ya bar kalmar sirri a kunne, kuma SSH yana bin abin da ya fara karantawa ne. Gudanar da sshd -T ka ga abin da ke aiki da gaske. Kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata sabuwa ka tabbatar makullin ya shige, in ba haka ba za ka kulle kanka a waje.

Haka ma katangar tsaro ta ufw, mai buɗe ƙofofi da rufe su: ufw allow OpenSSH tukuna, sannan ufw enable. Wanda ya juya wannan jerin zai iya kulle kansa a waje, sai ya koma allon gaggawa na kamfanin haya.

Docker ba ya jin maganar ufw

Wannan ya fi duk sauran cin mutane, domin a ido komai yana nan daidai. Idan ka kunna rumbun bayanai na PostgreSQL a cikin Docker, mai gudanar da manhajoji a cikin kwantena, da -p 5432:5432, Docker zai rubuta nasa dokokin a iptables, tushen katangar tsaron Linux, kai tsaye, ya tsallake ufw. Ga ufw status yana nuna ƙofar a rufe, ga rumbun bayananka a buɗe ga kowa. Redis a ƙofa ta 6379 da MySQL a 3306 duk haka suke. Maganin shi ne ka rubuta 127.0.0.1:5432:5432, ko ma kada ka fitar da ƙofar kwata-kwata idan manhajar da rumbun suna cikin hanyar sadarwa ɗaya ta Docker. Bayan haka gwada daga wata kwamfuta daban, domin gwajin da aka yi daga cikin sabar ba ya nuna abin da baƙo ke gani. Ƙofofin da ya kamata duniya ta gani ba su wuce uku ba: 22 ta SSH, sai 80 da 443 na shafin.

Barin manhaja a hannun sabar gwaji

Umarnin runserver na Django da sabar da Flask ke zuwa da ita an yi su ne don kwamfutar mai rubuta manhaja. Ana buƙatar Gunicorn, mai gudanar da manhajar Python, ko makamancinsa yana sauraro a 127.0.0.1:8000, Nginx kuma yana gaba yana karɓar baƙi. Kuma kada ka kunna Gunicorn da hannu ka tafi, domin ranar da sabar ta sake tashi shafin ba zai tashi ba. Rubuta masa fayil na systemd, mai tayar da hidimomi a Linux, ka sa Restart=on-failure, ka nuna mai amfani wanda ba root ba, sannan systemctl enable. Ana yawan tuna start a manta enable. Sake kunna sabar da gangan sau ɗaya kafin ka ba kowa adireshin, ka ga ko komai zai dawo da kansa. Saitin DEBUG na manhajar kuma ya zama False, in ba haka ba duk kuskuren da ya faru zai baje saitunan manhajar a gaban mai ziyara.

Idan ka ga kuskure mai lamba 502, Nginx lafiyarsa ƙalau, manhajar da ke bayansa ce ba ta amsa ba: journalctl -u da sunan hidimar zai faɗa maka dalili. Idan 413 ne, to iyakar megabayit 1 ce da Nginx ke sa wa abin da ake ɗorawa, sai ka ƙara client_max_body_size. Kowane gyara, nginx -t kafin reload. Shi kuwa chmod 777 da ake yi don kawar da matsalar izini, ba gyara ba ne, mayar da fayilolin hannun mai amfanin da ya dace da chown shi ne gyara.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa

Sabar mai gigabayit 1 yawanci ba ta zuwa da swap, wato wani yanki na faifai da ke agaza wa ƙwaƙwalwa. Idan ƙwaƙwalwa ta cika, Linux zai zaɓi wani aiki ya kashe, sau da yawa rumbun bayanai, ba tare da manhajar ta rubuta komai ba. Za ka ga shaidar a dmesg. Yi swap na gigabayit 2 da fallocate, chmod 600, mkswap da swapon, ka sa shi a /etc/fstab. Rage ma'aikatan Gunicorn ma: shawarar da aka saba bayarwa ita ce ninki biyu na adadin ƙwayoyin sarrafawa da ƙarin ɗaya, amma kowane ma'aikaci kwafin manhajar ne a ƙwaƙwalwa.

Takardar shaidar HTTPS ta Let's Encrypt da aka saba bayarwa kwana 90 take yi. Certbot yana sabunta ta da kansa, sai dai idan ka rufe ƙofa ta 80 bayan HTTPS ya fara aiki, sabuntawar za ta gaza shiru. Gwada certbot renew --dry-run.

Faifai ma yana cika a hankali: Docker ba ya rage rajistar kwantena sai ka sa masa max-size, don haka ka riƙa duba df -h.

Kwafin ajiya da ba a taɓa gwadawa ba

Hoton sabar da kamfanin haya ke ɗauka yana da amfani, amma yana zaune a asusu ɗaya da sabar, idan asusun ya tafi sun tafi tare. Sa cron, mai gudanar da ayyuka bisa jadawali, ya kwafi rumbun bayanai da pg_dump kullum, a tura fayil ɗin wani wuri daban, tare da hotuna da takardun da masu amfani suka ɗora, waɗanda ba sa cikin rumbun. Sannan ka hayi wata ƙaramar sabar na awa ɗaya, ka dawo da kwafin a kanta, ka shiga shafin ka ga ko bayanan jiya suna ciki.