Abin da nake yi in mugun tunani ya taso min

Salama 'yan uwa cikin Ubangiji. Ga wata dabara da ta taimake ni, ko za ta amfani wani.

Ni dai da na farka sai waya, labarin wannan, faɗan wancan, kafin in ɗora ruwan shayi raina ya riga ya ɓaci. To sai na rubuta Filibiyawa 4:8 a 'yar takarda na manna a bayan wayar. Can Manzo Bulus ya ce mu riƙa tunani a kan abin da yake gaskiya, mai daraja, mai adalci, mai tsabta, abin ƙauna da abin yabo, kuma ku tuna fa yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wannan.

Yanzu in zuciya ta fara raya min wai wance ta ƙi gaishe ni a coci don ta raina ni, sai in tambayi kaina, gaskiya ne ko zato nake? Yawanci zato ne. Daga nan in faɗi abu 3 da zan gode wa Allah a kai, da baki ba a zuci ba, ko da ina tuƙa tuwo ne. Aya ta 6 ma ta ce a haɗa addu'a da godiya. Wani lokacin sai na maimaita sau biyar kafin rai ya kwanta.