Yadda Ake Magance Kumburin Dasashi a Kan Haƙorin Hankali

Haƙorin nan na can ƙuryar baki, wanda ake kira haƙorin hankali, yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa yakan tarar babu sauran fili a muƙamuƙi, musamman na ƙasa, sai ya leƙo rabi ya tsaya, wata 'yar tsokar dasashi ta rufe shi kamar murfi. A ƙarƙashin murfin nan zaren nama da ɓurɓushin abinci ke maƙalewa su ruɓe. Daga nan sai zogi da warin baki, har wani ɗaci-ɗaci na mugunya idan ka taɓa wurin da harshe. Sau uku abin ya kama ni kafin na gane kansa, kuma kurakuran da na yi su nake ganin ƙannena suna maimaitawa.

Da farko ka gwada buɗe baki. Idan yatsu biyu a jere ba sa shiga tsakanin haƙoranka, ko akwai zazzaɓi, ko kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ko haɗiyar yawu tana gagararka, ajiye wayar nan ka tafi asibiti yau ɗin nan. Irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi. Bayanin da ke biye na wanda ciwonsa bai wuce dasashi ba ne.

Sai wanki, kuma nan kowa ke faɗuwa. Zuba gishiri rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, wanda leɓe zai iya jurewa. Yawancin mutane sukan guntsa, su kurkura sau biyu su tofar, su ce sun yi. Ruwan bai ma je inda cutar take ba. Ka karkata kai ɓangaren da ke ciwo, ka riƙe ruwan a wurin kamar rabin minti, ka tofar, ka sake har kofin ya ƙare. Bayan kowane cin abinci, da kuma kafin barci.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne sirinji. Sayi sabo a kemis, kuɗinsa bai kai na lemon kwalba ba, ka cire allurar ka jefar. Zuƙo ruwan gishirin, tsaya gaban madubi da fitilar waya, ka ɗora bakin sirinjin a gefen tsokar, ka matsa a hankali. Ranar da na fara, wani zaren kilishi ne ya fito, wanda na ci kwana huɗu da suka wuce. Kada ka cusa da ƙarfi, kuma ka rabu da tsinken sakace, ƙara yaga wurin yake yi. Buroshi mai laushi dole ya kai can ko da jini zai ɗan fito. Masu daina goge wannan ɓangaren saboda zafi su ne ciwon ke daɗewa a kansu. Akwai ruwan kurkure baki na chlorhexidine, yana da kyau, amma kada ya wuce mako biyu domin yana rina haƙora.

Don zogi, farasitamol ya isa, ko ibuprofen bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki da mai juna biyu su bar ibuprofen. Kada ka danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi ya yi fari fat. Masu ɗiga ruwan batir kuwa ban san me zan ce musu ba. Kanumfari yana ɗan kashe zafi, ba ya fitar da datti. Gasa kunci da tsumma mai zafi ma ban yarda da shi ba.

Game da Flagyl da amoxicillin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da mai kemis ke ƙulla wa mutane: ciwon yakan lafa, bayan ɗan lokaci ya dawo, domin aljihun da ke tara dattin yana nan. Likita ne zai ce ko ana buƙatarsu, galibi sai cutar ta fara bazuwa.

In kwana uku sun wuce babu sauƙi, ko wannan ne karo na biyu, je wurin likitan haƙori. Zai wanke ƙarƙashin tsokar, ya ɗauki hoto ya ga yadda haƙorin ya kwanta. Wani lokaci na sama ne ke cizon tsokar, shi za a cire. Ni na ƙasan aka cire, da allurar kashe wuri. Bayan cirewa ka cije audugar da aka sa maka, kada ka kurkure baki sai bayan awa 24, ban da sigari, ka yi ta kunu da fate marasa zafi na 'yan kwanaki.