Yadda Ake Zaɓen Sikelin Auna Albarushi

Maharbin da ke da takardar izinin riƙe bindiga, kuma yake sake cika kwanson harsashi da hannunsa, ba shi da kayan aikin da ya kai sikeli muhimmanci. Albarushin bindigar toka an saba auna shi da ɗan ma'aunin cikawa, amma albarushin zamani marar hayaƙi nauyinsa ake bi, domin ƙari kaɗan yana iya ɗaga matsin da ke cikin bindiga har ya yi wa mai harbi illa.

Abu na farko shi ne a san da wane awo sikelin yake ƙirga. Littattafan kamfanonin albarushi na Amurka suna rubuta nauyi da giren (grain, wani ƙaramin awon nauyi), ba da giram ba. Laba ɗaya giren 7,000 ce, giram ɗaya kuwa ya ɗan haura giren 15. Saboda haka ƙaramin sikelin aljihu irin wanda ake samu a kasuwannin Yamai, mai tsallen giram 0.1, kowane tsallensa giren ɗaya da rabi ne, kuma wannan ya yi wa aikin faɗi ƙwarai. Abin nema shi ne wanda ke rarrabe giren 0.1, kuma a tabbata haruffan da ke kan fuskarsa na giren ne kafin a zuba komai.

Sikeli mai sanda, irin na kamfanonin RCBS ko Lyman ko Redding, ba ya bukatar batir, kuma ɗaukewar wuta ba ta dame shi ba. Yana da jinkiri, yana son tebur miƙaƙƙe da ido daidai da tsinin allurarsa, kuma dole a riƙa share ƙura daga inda sandar take hawa. A ganina shi ya fi dacewa da mai farawa. Na lantarki ya fi sauri, sai dai masu araha suna sauya lamba idan zafi ya sauya, wasu kuma ba sa jin ƙwayoyin da ake zubawa a hankali, sai daga baya lambar ta yi tsalle. Wanda ke da hali yana iya neman na ɗakin gwaji, kamar A&D FX-120i, na wani kamfanin Japan, mai nuna giram 0.001.

Yawan lambobi a fuskar sikeli ba shaidar gaskiyarsa ba ce. Kafin a biya kuɗi, a ɗora duwatsun gwaji masu sanannen nauyi, musamman waɗanda suka yi kusa da nauyin da za a riƙa aunawa. A ɗora, a sauke, a sake ɗorawa sau da yawa, a tsakiyar faranti da kuma gefensa. In amsar tana yawo, ko kuma bai koma sifili ba bayan an sauke, a bar wa mai kanti kayansa. Kada a yi gwaji da kuɗin ƙarfe, domin yawon hannu yana cinye su.

Yanayin Yamai ma yana da nasa sharaɗi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a kunna na lantarki a bar shi ya zauna kamar rabin awa, a kashe fanka, a rufe taga, a nisantar da wayar hannu. Da hunturu kuwa bushewar iska tana sa ƙwayoyin albarushi su manne wa farantin roba, don haka na ƙarfe ya fi. Adadin da za a zuba ba daga sikeli yake fitowa ba: a ɗauko shi daga littafin kamfanin da ya yi albarushin, a sake gwada sikelin da dutsen gwaji a farkon kowane zama da kuma tsakiyarsa.