Yadda na tsara lokacin cin abinci da ciwon sukari, da abin da ke aljihuna

Ni tela ne, shagona yana kusa da babbar kasuwar Maradi, kuma yau shekarata bakwai da ciwon sukari. Ranar da aka fara auna ni ban ko karya ba, amma na'ura ta nuna 2,40. Likita ya ce in ba a karya ba, daga giram 1,26 na sukari a litar jini ake cewa mutum ya kamu. Ya ba ni ƙwayoyi iri biyu, metformin da glibenclamide, ya ce in rage dangin abincin da ke komawa sukari a jiki: tuwo, fura, shinkafa, taliya, burodi, rogo.

Na rage kuwa, sai dai na yi wani kuskure da ba na so kowa ya maimaita. Ana saura kwana uku Sallah, ɗinki ya yi mini yawa, na sha ƙwaya da safe na ci ƙwai biyu, ban ƙara sa komai a baki ba. Wajen la'asar na ɗauki zare zan zura a allura, hannu ya ƙi tsayawa. Gumi mai sanyi ya jiƙa mini riga, ƙirji na dukan uku-uku, ina ganin allurar biyu. Yaron shagona ne ya ruga wurin mai shayi ya karɓo sukari. Ashe sukarina ne ya faɗi, don glibenclamide tana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko ka ci ko ba ka ci ba, haka ma allurar insulin take aiki. Saboda haka kafin ka taɓa yawan tuwonka, koma wurin likitanka ka gaya masa, don ya daidaita maganin da sabon cin naka. Ni sai da aka rage mini.

Tun daga nan na kafa wa cikina lokaci, na ɗaure shi da lokutan salla don kada in manta. Ina karyawa da ƙarfe bakwai. Na rana yana biyo bayan azahar, ko da wane ne yake zaune yana jiran rigarsa. Na dare kuma da an sallame magariba. A da sai goma ta gota muke cin tuwo, in kwanta da shi a ciki, in wayi gari awo ya hau. Yanzu in na ci, sai in taka zuwa masallacin da ya fi nisa in yi isha'i. Tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci tana sa naman jiki ya ja sukari daga jini, kuma na ga haka da idona a na'ura.

Da safe na bar koko. Ƙwai biyu nake ci da kwaɗon zogale, irin wanda ake kawowa daga Jiratawa, a zuba ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, sai shayi ba sukari. Wannan yana riƙe ni har rana. Da dare uwargida takan sa mini tuwo kamar dunƙulen hannuna, miya kuwa cike da kwano, ta kuɓewa ko kuka ko lalo. Nakan fara da ganye da nama ko kifi, tuwon ya zo daga baya, domin in ya tarar da wani abu a ciki ba ya saurin hawa jini.

Fura ce ta fi ba ni wahala. Ɗan Maradi ne ni, na tashi na tarar abincin rana ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne a miƙo maka ludayi a zafin watan Afrilu ka ce a'a. Amma hatsi ne da aka daka ya yi laushi, ga sukari a kai, sha ake yi ba tauna ba, shi ya sa take shiga jini da gudu. Ban yarda in rabu da ita gaba ɗaya ba. Na ce a dama mini rubu'in curi a cikin nono mai yawa, ba sukari, kuma bayan na ci wake da salati. Awa biyu da fara cin sai in auna. Abin da ake so shi ne kada ya kai 1,80. Rabin curi ya haura da ni, rubu'i bai haura ba, sai na tsaya a nan. Naka jikin zai iya bambanta da nawa, don haka kai ma ka gwada naka ka rubuta a ɗan littafi.

Sai maganar ɗan abin taɓawa tsakanin abinci. Ba dole ba ne. Wanda metformin kaɗai yake sha, da wuya sukarinsa ya faɗi, in abinci uku sun ishe shi, shi ke nan. Ni kaina in na ji ciki na motsi da hantsi, ruwa nake fara sha, don sau da yawa ƙishirwa ce. In yunwa ce ta gaske, ko na ga abincin rana zai yi jinkiri, to ga gujiya soyayya cikin tafin hannu ɗaya, ko dafaffen ƙwai, ko awara guda uku, ko yalo, ko ɓallin cuku. Tsire da kilishi ma suna yi, amma mai hawan jini ya kula da gishiri, kuma a tambayi mai ƙuli-ƙuli ko ta sa sukari, don wasu suna sawa. Aya kuwa, duk da nan ne gidanta, tana da zaƙi da gari, ba ta cikin wannan sahu. Haka rake da fanke da lemun kwalba. Mangwaro in lokacinsa ya zo, rabin ƙarami nake sha bayan abinci, ba da yunwa ba. Shayin fada ma na ce wa abokaina a tsiyaya mini nawa kafin a zuba sukari, yanzu har sun saba. In za ni suna ko ɗaurin aure, sai na ci na gida tukuna.

Aljihuna biyu, kowanne da aikinsa. Na dama gujiya, don yunwa. Na hagu ƙwayar sukari uku a ƙulle cikin leda, don ranar da sukarin jinina ya faɗi. Kada a haɗa su, gujiya ba ta tayar da wanda sukarinsa ya faɗi, man da ke cikinta yana jinkirta ta. In ka ji rawar jiki da gumi da jiri, ko awo ya nuna ƙasa da 0,70, tsotse ƙwaya ukun nan, wajen giram 15 ke nan, ka zauna minti 15 ka sake aunawa. In bai tashi ba ka ƙara uku, in ya tashi ka ci abinci. Na koya wa iyalina da yaran shago cewa in suka tarar na suma, kada su ɗura mini komai a baki, asibiti za a yi da ni kai tsaye.

Kafin azumi ya kama nakan je wurin likita ya sauya mini lokutan magani. Ina jinkirta sahur har dab da alfijir, in buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, in ci abinci sosai bayan magariba. Awo ba ya karya azumi, don haka ina yi da rana. In ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura 3,00, a take nake karya azumin, in rama daga baya.